Shin Alamar Dabba Ta Iso? Amsa Kan Yadda Ake Karanta Wahayin Yahaya

Wani ɗan'uwa mai koyar da ajin matasa a ikkilisiyarsu ya aiko da tambaya. Ya ce a wata guda ya ji wa'azi biyu a kan littafin Wahayin Yahaya. Mai wa'azi na farko ya ce alamar dabba, wadda babi na 13 ya ce ba mai iya saye ko sayarwa sai da ita, ta riga ta shigo, tana cikin lambar shaidar ɗan ƙasa da ta banki da allurar rigakafi, kuma fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama, na bakin ƙofa. Na biyu ya ce duk abin da ke littafin ya cika tun zamanin Romawa, babu sauran abin jira. Matasa sun ruɗe, wata uwa ma ta ƙi kai ɗanta rigakafi. Yana so ya san wa ke da gaskiya, da abin da littafin yake koyarwa.

Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiyar aji, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Kowane ɗaya cikin masu wa'azin nan ya riƙe wani ɓangare na gaskiya ya saki sauran, amma kuskuren na farko ya fi haɗari, tunda har ya taɓa lafiyar yaro. Ka yi haƙuri da tsawon amsar, don ba a gane babi na 13 sai an san waɗanda aka rubuta wa littafin da kuma abin da ke tsakiyarsa.

Littafin nan, wanda wasu suka fi sani da Ru'ya ta Yohanna, wasiƙa ce kafin komai. Yahaya ya rubuto ta daga Batmusa, wani ƙaramin tsibiri a tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya ta yau, zuwa ga ikkilisiyoyi bakwai da ya kira da sunansu: Afisa, Samirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadalfiya da Lawudikiya. Garuruwa ne na gaske a yammacin Turkiyya, kuma an jera su yadda ɗan aike zai bi in ya sauka a Afisa ya yi arewa, sannan ya karkato kudu maso gabas. Ireniyus, bishop na Liyon, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 180, ya ce an ga wahayin ne a ƙarshen mulkin Kaisar Domishiyan, wanda ya riƙe Roma daga 81 zuwa 96. Yawancin masana sun tsaya a kan wajen shekara ta 95, wasu kaɗan sun fi son kafin rushewar Urushalima a 70. Aya ta 3 ta babi na 1 ta sa albarka ga mai karantawa, mutum ɗaya, da masu ji, mutane da yawa. Ke nan an tsara shi ne a tsaya gaban taron masu bi a karanta da murya, masaƙi da baiwa da ɗan kasuwa su ji su amfana. An umarci Daniyel ya rufe maganarsa ya hatimce ta har ƙarshen zamani (12:4), amma Yahaya an ce masa kada ya hatimce, gama lokaci ya yi kusa (22:10). Daga nan nake ɗaukar ƙa'idata ta farko: duk fassarar da ba za ta yi wa mutanen Samirna ma'ana ko kaɗan ba, sai wanda ya san kwamfuta, ka yi mata kallon tuhuma.

Me ke damun mutanen nan? Lardin Asiya, yankin mulkin Roma da garuruwan nan bakwai suke ciki, shi ne cibiyar bautar Kaisar. Birgamas ta sami haikalin Augustas da allahiyar Roma tun shekara ta 29 kafin haihuwar Almasihu, Afisa kuma ta gina nata ga gidan sarautar Domishiyan a zamaninsa. Marina da maƙera da majema da masaƙa kowa na da ƙungiyarsa, kowace ƙungiya da gunkinta da bukinta da naman hadayarta. Mai bi da ya ƙi zama a bukin ya rasa abokan ciniki. Kisa bai zama ruwan dare ba tukuna, don a cikin ikkilisiyoyin nan bakwai mutum ɗaya tak aka ambata da suna cewa an kashe shi, Antifas na Birgamas. Sai dai Yahaya ya hango inda aka dosa. Wajen shekara ta 112 Filini, gwamnan Bitiniya da ke maƙwabtaka da su, ya rubuta wa Kaisar Tarajan yadda yake gwada waɗanda aka zarga da zama Kirista: a kawo siffar Kaisar, mutum ya ƙona mata turare ya zuba ruwan inabi ya zagi Almasihu, sai a sake shi. Wanda ya dage aka tafi da shi aka kashe.

Ka lura da saƙonnin babi na 2 da na 3, don mutane kan tsallake su suna gaggawar zuwa wajen dawaki da dabbobi. Ikkilisiyoyi biyu ne kawai ba a tsauta musu ba, Samirna matalauciya da Filadalfiya mai ƙaramin ƙarfi. Lawudikiya kuwa, garin masu kuɗi da baƙin ulu, wanda ya sake gina kansa da dukiyarsa bayan girgizar ƙasa ta shekara ta 60, ba ta sami yabo ko ɗaya ba. Littafin ta'aziyya ne ga wanda aka matsa, gargaɗi ne kuma ga wanda ya sami wurin zama mai daɗi a cikin tsarin zalunci.

Sai harshen littafin. Yahudawa sun saba da irin wannan rubutu tun kafin Yahaya. Akwai rabin Daniyel na biyu, da sassan Ezekiyel da Zakariya, da littafin Anuhu wanda Yahuza ya ɗauko daga cikinsa, wanda ikkilisiyar Habasha ke riƙe da shi har yau. A irin wannan rubutu ana magana ne da siffofi. In maroƙi ya ce wa sarki toron giwa, ba wanda ke leƙa ƙarƙashin amawali yana neman haure. Kowa ya san ƙarfi ake nufi. Haka masu jin Yahaya suka san dabba mulki ce, ƙaho iko ne, teku kuwa mahaifar hargitsi. Sun san haka ne daga Daniyel 7, inda dabbobi huɗu suka fito daga teku, mai kama da zaki, da mai kama da beyar, da mai kama da damisa, da ta huɗu mai ƙaho goma, mala'ika kuma ya faɗa a fili cewa mulkoki ne. Dabbar Wahayi 13 ta haɗa duka huɗun a jiki ɗaya, wato mulkin da ya tattara muguntar duk waɗanda suka gabace shi. Macen da ke bisa dabbar tana zaune a kan tuddai bakwai, kuma ita ce babban birnin da ke mulkin sarakunan duniya (17:9, 18). Ko yaro a Afisa ya san birni mai tuddai bakwai Roma ce. An kira ta Babila saboda ita ma, kamar Babila ta da, ta rushe haikalin Urushalima. Wata 42 da kwana 1,260 da shekara uku da rabi duk abu ɗaya ne, kuma daga Daniyel suka fito, suna tuna wa Bayahude zamanin Antiyokus na Huɗu, sarkin Suriya, wanda ya ƙazantar da haikali a shekara ta 167 kafin Almasihu, aka tsarkake shi a 164. Rabin bakwai ke nan: lokacin mugunta yana da zafi, amma an yanka masa iyaka. Yahaya bai taɓa cewa "kamar yadda aka rubuta" ba, duk da haka da wuya ka karanta ayoyi uku ba ka ci karo da Tsohon Alkawari ba. Makullin siffofinsa yana cikin Fitowa da Ishaya da Ezekiyel da Daniyel da Zakariya. Wanda ya bar waɗannan ya je neman makulli a labaran rediyo zai buɗe ɗakin da ba shi aka nufa ba.

Zuciyar littafin tana babi na 4 da na 5, kuma a nan nake so ka daɗe da matasanka. An buɗe ƙofa a sama, abu na farko da Yahaya ya gani shi ne kursiyi, da wani a zaune a kai. Kalmar kursiyi ta zo fiye da sau 40 a littafin, domin tambayar da ke cin masu bi na Asiya ita ce wa ke riƙe da duniya, Kaisar ko Allah. A hannun mai zaman akwai naɗaɗɗen littafi mai hatimi bakwai, aka rasa wanda ya isa ya buɗe, Yahaya ya yi ta kuka. Sai ɗaya daga cikin dattawa ya ce masa ya daina kuka, ga Zaki na kabilar Yahuza ya yi nasara. Ya ji an ce Zaki. Da ya duba sai ya ga Ɗan Rago tsaye, kamar an yanka shi. Daga wannan wuri har ƙarshen littafin ba a ƙara kiran Almasihu Zaki ba, Ɗan Rago ake ta kiransa, sau 28. Duk tauhidin littafin yana rataye a nan. Nasarar da Isra'ila ta sa ran Almasihu zai ci da ƙarfin yaƙi, ya ci ta ne ta wurin mutuwarsa, kuma wannan yankakken Ɗan Rago shi ne yake karɓar sujada tare da mai zama a kursiyi, alhali sau biyu mala'ika ya hana Yahaya yi masa sujada. Wanda yake neman inda Sabon Alkawari ya nuna allahntakar Almasihu a sarari, ga shi nan cikin waƙa.

Wannan salo na ji da gani ya sake dawowa a babi na 7. Yahaya ya ji yawan waɗanda aka hatimce, 144,000, kabila kabila kamar ƙidayar mayaƙa a Littafin Ƙidaya. Da ya duba sai ya ga taro wanda ba mai iya ƙirgawa, daga kowace al'umma da kabila da harshe. A ganina jama'a ɗaya ce aka nuna ta fuska biyu, 12 sau 12 sau 1,000, cikakkiyar jama'ar Allah. Rundunar nan kuwa makaminta jinin Ɗan Rago ne da maganar shaidarsu, da ƙin ƙaunar ransu har mutuwa (12:11). Ko a babi na 19, inda mahayin farin doki ya fito, rigarsa ta riga ta jiƙe da jini tun ba a gwabza ba, takobinsa daga bakinsa yake fitowa, mayaƙansa na sanye da farin lilin, ba a kuma ce sun sari kowa ba. Armagedon da ake ta tsorata mutane da shi sau ɗaya aka ambace shi (16:16), a matsayin wurin taruwa. Babu aya guda a littafin da ta umarci mai bi ya ɗauki makami. Abin da aka nema a wurinsa jimiri ne da bangaskiya (13:10).

To, yanzu 666, lambar dabbar da ke 13:18. Yahaya da kansa ya ce lambar mutum ce, mai hankali ya lissafa. A Ibrananci da Helenanci haruffa su ne lambobi, yadda malaman hisabi na ƙasar Hausa suka sani a abajada, inda nun 50 ne, ra 200, wawu 6. In ka rubuta "Neron Kaisar" da haruffan Ibrananci ka haɗa, sunan ya ba da 306, sarautar ta ba da 360, jimla 666. An sami wannan rubutun sunan daidai haka a wata takardar Aramiyanci ta zamanin Neron da aka tono kusa da Tekun Gishiri. Akwai ƙarin shaida mai ƙarfi. Wasu tsofaffin kwafi na littafin, har da wani guntu da aka tono a Masar, suna da 616 maimakon 666, kuma Ireniyus ya san da wannan bambanci. In ka rubuta sunan yadda Romawa ke faɗa, ba nun na ƙarshe, 50 ya fita, saura 616 cif. Neron ne ya ɗora wa Kirista laifin gobarar Roma a shekara ta 64 ya karkashe su. Ya kashe kansa a 68, amma jita-jita ta bazu cewa bai mutu ba, ya gudu gabas wajen Fartiyawa, zai dawo da runduna, har wasu suka fito suna cewa su ne shi. Wannan ya haska maganar kan dabbar da aka yi wa raunin ajali ya warke. Gaskiya ta sa in ƙara cewa Ireniyus bai kawo sunan Neron ba. Ya gwada wasu sunaye uku, sannan ya ce sunaye da yawa na iya ba da wannan lamba, gara a jira da a yi ta cinka. Masanan Jamus ne suka fito da lissafin Neron a shekarun 1830. Duk da haka ban ga bayanin da ya kama ƙafarsa ba, tunda shi ne ya warware 666 da 616 gaba ɗaya.

Ita alamar kanta fa? Ana sa ta a hannun dama ko a goshi. Aya ta gaba bayan 666, wato 14:1, ta nuna mutanen Ɗan Rago da sunansa da na Ubansa a goshinsu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce wannan tambari ne da za a gani da ido ba. Duka biyun sun samo asali daga Maimaitawar Shari'a 6:8, inda aka ce a ɗaura maganar Allah a hannu da goshi, wato ta mallaki aiki da tunani. Alamar dabba kwaikwayon hatimin Allah ce, tana nuna wanda mutum ya miƙa wa wuya. Duba 14:9, 16:2, 19:20 da 20:4, kowane wuri an haɗa ta da yi wa dabbar ko siffarta sujada. Ikkilisiya ta ga irinta a zahiri a shekara ta 250, da Kaisar Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, kuma an tono irin takardun da dama a Masar. Saboda haka ba a karɓar alamar nan bisa kuskure, ba a ɗura wa mutum ita yana barci, jariri kuma ba ya iya karɓarta. Tambayar da za ka koya wa matasa ita ce: an ce sai ka musunci Almasihu ka yi wa wani sujada kafin a ba ka? In ba haka ba ne, lambar banki lambar banki ce. Mutum na iya damuwa da yadda hukuma ke tattara bayanan jama'a, damuwa ce mai tushe, amma wata magana ce dabam. Ina roƙonka ka je wurin uwar nan da ladabi, kai da wata dattijuwa da take jin maganarta, a kai yaron rigakafi. Ƙyanda da shan inna suna kisa suna nakasawa, kuma ba ayar da ta nemi wannan hadaya a hannunta.

Masu wa'azinka biyu kowa na da kakanni a tarihi. Hanyar da ta fi daɗewa tana jan hankalin jama'a ita ce ɗaukar littafin a matsayin jadawalin tarihin ikkilisiya daga manzanni zuwa ƙarshe. Yowakim na Fiyore, wani sufi a Italiya da ya rasu a 1202, ya mai da kwana 1,260 shekaru, mabiyansa suka zuba ido ga shekara ta 1260. Masu gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16 suka ce dabbar Paparoma ne. William Miller, wani manomi a Amurka, ya lissafa daga kwana 2,300 na Daniyel 8:14, dubban mutane suka jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye ba abin da ya faru. Harold Camping, wani mai wa'azin rediyo a Amurka, ya sa 21 ga Mayu 2011. A Kanungu ta Uganda, cikin Maris 2000, ɗaruruwan mabiyan wata ƙungiya da ta sa ranar ƙarshen duniya suka hallaka. Aibin wannan hanya a bayyane yake: kowane zamani yana ganin kansa a babin ƙarshe, kowane lissafi kuma ya faɗi. Ubangiji ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba (Markus 13:32), ya kuma maimaita wa almajirai a Ayyukan Manzanni 1:7.

Don a kare Paparoma daga wancan zargi, malamai biyu 'yan Katolika a Sifen suka bi ta fuskoki biyu. Francisco Ribera, wajen 1590, ya ce yawancin littafin na 'yan shekarun ƙarshen duniya ne. Luis de Alcázar, wanda aka buga aikinsa a 1614, ya ce yawancinsa ya cika a ƙarnonin farko. Mai wa'azinka na biyu jikan Alcázar ne, kuma ka ga na ba shi gaskiya mai yawa a sama. Inda ya zarce shi ne cewa ba sauran abin jira. Matattu ba su tashi ba, ba a share hawaye ba, mutuwa na nan tana ɗauka. Babi na 20 zuwa 22 suna gaba, kuma wanda ya ce dawowar Almasihu ta riga ta wuce ya fita daga abin da ikkilisiya ta shaida tun farko.

Na farko kuwa ya gaji tsarin John Nelson Darby, wanda a shekarun 1830 ya raba shirin Allah ga Isra'ila da shirinsa ga ikkilisiya, ya koyar cewa za a fyauce masu bi kafin ƙunci na shekara bakwai. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda ya fito a 1909, shi ya baza wannan koyarwa a Amurka. Da yawa cikin 'yan mishan da suka zo arewacin Nijeriya a cikinta suka tashi, wasu manyan malamanmu ma, irin su marigayi Byang Kato ɗan Kwoi, sun yi karatu a makarantar tauhidi ta Dallas, wadda ita ce cibiyarta. Ina girmama su ƙwarai. Sun riƙe begen dawowar Ubangiji da zafi, wannan bege kuma shi ya fitar da masu bishara zuwa ƙauyuka. Amma ya kamata matasa su san cewa tsarin a wannan siffa bai kai shekara 200 ba, an kuma ɗinka shi ne daga wurare dabam dabam. Fyaucewa daga 1 Tasalonikawa 4:17 take, shekara bakwai daga Daniyel 9:27, kalmar magabcin Almasihu kuma a wasiƙun Yahaya kaɗai take, inda ya ce tun a lokacinsa sun riga sun yi yawa. Wahayi bai ambaci ko ɗaya cikin ukun da wannan suna ba. Abin da ya fi damuna shi ne wa'azin da ke sa mai bi ya ɗauka za a ɗauke shi kafin wahala ta zo, alhali ikkilisiyar Samirna ce mata aka yi ta yi aminci har mutuwa.

Akwai wata tsohuwar hanya da ta fito daga Afirka ta Arewa. Tikoniyus, wajen 380, da Agustin na Hippo bayansa, sun karanta littafin a matsayin hoton gwagwarmayar birnin Allah da birnin duniya a kowane zamani. Hatsarinta shi ne ta narkar da komai ya zama darasi kawai, ba Roma, ba ranar shari'a. Amfaninta kuwa babba ne, domin Yahaya da kansa ya kira Roma da sunan Babila, ya nuna cewa dabbar kan sauya riga. Ni ga yadda nake yi: in fara da abin da masu ji na farko suka fahimta, in tambayi inda wannan dabba da wannan Babila suke a zamanina, in kuma riƙe cewa ƙarshe na gaske yana zuwa, ba tare da na sa masa rana ba.

Wani abu a ginin littafin yana hana a mai da shi kalanda. Hukunce-hukuncensa jeri uku ne: buɗe hatimai bakwai, busa ƙahoni bakwai, da juye tasoshin fushi bakwai. A hatimi na shida taurari sun faɗo, kowane dutse da tsibiri ya kau, amma a ƙaho na huɗu ga taurari ana bugun sulusinsu, a tasa ta bakwai kuma tsibirai da duwatsu suka sake ɓacewa. An ƙone ɗanyar ciyawa duka a 8:7, sai ga shi a 9:4 ana hana fara taɓa ciyawa. Hatimai da ƙahoni da tasoshi kowanne ya ƙare da tsawa da walƙiya da girgizar ƙasa. Tun wajen shekara ta 300 Biktorinus, mai sharhi mafi tsufa da ya iso mana da Latin, ya lura cewa ana maimaita abu ɗaya ne. Tsananin ɓarnar ne ke ƙaruwa: rubu'i, sannan sulusi, sannan duka.

Shekara 1,000 ta babi na 20 ba zan daɗe a kanta ba, duk da ita ta fi raba malamai. Yustin Mai Shahada da Ireniyus sun ce Almasihu zai dawo ya yi mulki a duniya shekara 1,000. Agustin ya ce ita ce zamanin ikkilisiya da muke ciki. Jonathan Edwards, wani mai wa'azi a Amurka a ƙarni na 18, da wasu sun sa ran bishara za ta rinjayi duniya kafin ya dawo, ra'ayin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raunana. Yustin da kansa, tun ƙarni na 2, ya yarda cewa akwai Kirista na gari da yawa da ba su ga yadda ya gani ba, shaidar bangaskiya ta Nikiya kuma ta tsaya a kan cewa zai sake zuwa da ɗaukaka ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Ka bi abin da ikkilisiyarku ta koyar da natsuwa, kada ka kafirta wanda ya bambanta.

Matasa za su tambaye ka game da fushi da jinin da ke littafin. Kai su 6:10, inda rayukan waɗanda aka kashe suke kuka a ƙarƙashin bagade suna cewa har yaushe. Wanda bai taɓa binne nasa ba yana iya ganin addu'ar ta yi kaushi. 'Yan'uwa na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda Boko Haram ta kwace hedkwatarsu ta Kwarhi a Oktoba 2014, da maƙwabtansu Musulmi da aka kashe a masallatai da kasuwanni, sun san daga inda irin wannan kuka ke fitowa. Hukuncin da ke littafin amsar wannan kuka ne, kuma yana cire ramuwa daga hannun wanda aka zalunta ya mai da ita hannun Allah. Laifin Babila ma an bayyana shi. Karanta jerin hajarta a 18:12 da 13: zinariya, azurfa, siliki, hauren giwa, kirfa, alkama, shanu, dawaki, a can ƙarshe kuma, bayan dabbobi, bayi, rayukan 'yan Adam. Tattalin arziki ne da ya sa mutum a ƙasan jerin kaya. Mai neman alamar dabba a zamaninmu ya fara dubawa nan, inda ake sayar da gaskiya don kwangila, ake durƙusa wa mai mulki kamar shi ke ba da numfashi.

Ƙarshen littafin kuma ba tserewa daga duniya ba ne. Sabuwar Urushalima saukowa take yi, mazaunin Allah ya zama tare da mutane. Tsawonta da faɗinta da tsayinta ɗaya ne, siffar Wuri Mafi Tsarki a haikalin Sulemanu, shi ya sa ba haikali a cikinta, duk birnin ya zama wurin da babban firist kaɗai ke shiga a da. Ƙofofinta ba a rufe su, sarakunan duniya suna kawo darajarsu ciki, ganyen itacen rai kuma na warkar da al'ummai ne.

Ga shawarata game da ajin. Kafin ka yi bayanin ko aya ɗaya, ku ware yamma guda ku karanta littafin duka da murya, babi 22, kuna karɓa-karɓa. Bai kai awa biyu ba. Kibɗawan Masar suna yin haka kowace shekara a daren da ke bin Jumma'a Mai Kyau. Ka ce kowa ya riƙe biro ya sa alama duk inda aka yi waƙa ko sujada, da kuma albarku bakwai da ke warwatse daga 1:3 zuwa 22:14. Mako na biyu ku karanta Daniyel 7 gefe da gefe da Wahayi 13, na uku annoban Masar a Fitowa tare da ƙahoni da tasoshi. Sai a mako na huɗu ka buɗe maganar 666, ka rubuta haruffan a allo su yi lissafin da hannunsu. Ka sanar da fastonku tun kafin ka fara, ka nuna masa abin da za ka koyar, don kada a ga kamar kana ƙalubalantar baƙin da suka yi wa'azi a bagadensa.